Babi na 6: Lafiya Lau a Ladywood

Gaisuwar Bahaushe ba ta da ƙofar da kuka zai shiga. A ce masa ina gajiya, ya ce ba gajiya, ko da tun asuba yake tsaye. A ce yaya jiki, ya ce da sauƙi, ko da likita ya riga ya ja 'yan uwa gefe. Ina labari? Sai alheri. Mutanen Birmingham ma suna da irin tasu. Mai shago zai tambayi mutum ko lafiya, ya haɗa da kalmarsu ta shaƙuwa, "bab", alhali hannunsa na kan canji, idonsa na kan na baya. Amsar da ake jira ɗaya ce, a Fagge ko a Ladywood, kuma wanda ya kuskura ya ba da wata daban ya jefa kowa cikin tsaka mai wuya.

Maganar da gaisuwa ta hana fita ba ɓacewa take yi ba. A da takan jira dare ta fita a ɗakin kaka, ko a kunnen aminiya wajen kitso. Yanzu mafi yawanta cikin waya take zubewa.

Ladywood tana manne da tsakiyar birnin Birmingham ta yamma. Daga babban ɗakin karatu na birnin, ɗan tattaki kaɗan ta bakin hanyar ruwan da aka haƙa wa jiragen dakon kaya zai kai mutum gindin dogayen benayen gwamnati na shekarun 1960. Mazaɓar da ke ɗauke da sunan unguwar, wadda Shabana Mahmood ke wakilta a majalisar dokoki tun 2010, ta daɗe cikin sahun gaba a rashin aikin yi da talaucin yara a Birtaniya. A bene guda za a iya samun Baturiya 'yar fansho, da jikan waɗanda suka zo daga Jamaika, da iyalin Pakistan, da 'yan Somaliya da Sudan, sai kuma baƙin baya-bayan nan: ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi daga Najeriya.

A watan Yunin 2023 majalisar birnin ta amince da wani shiri na fam biliyan 2.2 tare da kamfanin gine-gine na Berkeley, wanda zai ɗauki shekara 20 ana sake fasalin unguwar. Gidaje kusan 2,000 suka faɗa cikin da'irar da aka zana, har da na mutanen da suka gama biyan bashin gida suna shirin miƙe ƙafa. Da aka kira taron bayani a watan Yuli, zauren ya yi kaɗan, jama'a suka yi cirko-cirko a waje. A wannan ɗumin ne ƙungiyar mazauna, Ladywood Unite, ta yi ƙarfi. Tsofaffin unguwar sun taɓa ganin irin wannan rana. Lokacin rusau na farko, limamin cocin St John, Norman Power, ya rubuta littafi a 1965 mai suna The Forgotten People a kan yadda aka tarwatsa maƙwabta da sunan gyara. Shekara 2 kafin nan wani masanin halayyar ɗan Adam, Marc Fried, ya bi mutanen da aka tasa daga wata unguwa a Boston ta Amurka, ya tarar da yawansu suna jimami irin na wanda aka yi wa rasuwa.

Wanda ya bi yadda wannan fargaba ta fito a intanet zai lura da abu guda: da wuya wani ya fara da cewa ba shi da lafiya. Fushi ne a gaba, da taswira, da tambayoyin da aka ƙi amsawa. Rashin barci da faɗuwar gaba sukan leƙo ne a tsakiyar jimla, kamar abin da ya kuɓuce wa mai shi. Da majalisar ta bayyana a Satumban 2023 cewa asusunta ya karye, sannan masu kwashe shara suka shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani a Maris ɗin 2025 har tan 17,000 na bola ya taru a tituna, sai harshen ya juya zuwa barkwanci. Ɓeraye masu girman kyanwa suka zama taurarin TikTok. Dariyar ta gaske ce, amma mai yin ta shi ne dai wanda bai san ko gidansa zai kai baɗi ba.

Wannan ke nan ga mai dalilin da zai iya nunawa da yatsa. Akwai wanda nasa dalilin ba ya nunuwa.

A ƙaddara wata 'yar Kano ce mai shekara 29, tana digiri na biyu, tana haya a hawa na 11. Ba sai an raɗa mata suna ba, irinta suna da yawa a Birmingham da Manchester da Coventry. Ta sauka a farkon 2023, lokacin fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin hukuma. A watan Yuni gwamnatin Tinubu ta saki naira, kafin a kai Maris na 2024 fam ya haura naira 1,800, kuɗin makarantar da mahaifinta ya sayar da fili ya tanada suka koma kashi ɗaya cikin uku. Bizar ɗalibi ba ta yarda ta yi aikin da ya wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba duk a cushe cikin awa huɗu, sauran kuwa dare ne da ƙarar iska a taga. Ta daina jin daɗin abinci. Takan farka ƙarfe 3 ta kasa komawa.

Wannan baiwar Allah murya uku gare ta a waya ɗaya.

Ta farko ta guruf ɗin gida ce a WhatsApp. Nan hoton dusar ƙanƙara ake turawa, da "Alhamdu lillahi Umma, komai lafiya, sai dai sanyi." Duk abin da ke cinta yana ƙunshe cikin kalmomi ukun ƙarshe. Ba za ta faɗa ba, don a idon dangi wanda ya taka Ingila ya haye tudun mun tsira, kuma filin da aka sayar ba zai dawo ba. Kara ta hana, kunya ta hana, sannan an yi mata tarbiyya a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ta biyu ta sitatus ce, wanda ke gogewa da kansa bayan awa 24, kuma ana iya zaɓar wanda zai gani. An cire Umma, an cire yayye maza. Baƙin allo ne da addu'ar neman mafita, ko hoton kyanwa ta kifa kai a tebur da ɗan rubutun ban dariya. Bayan minti goma ta duba su wa suka gani. Hannunka mai sanda ne: wanda ya gane ya kira, wanda ya tsananta tambaya a ce masa ai addu'a ce kawai. Ƙofar janyewa a buɗe take, kuma saboda wannan ƙofar ne ma aka iya yin maganar tun farko.

Ta uku ita ce ke buɗe ciki, kuma da jimlar da duk mai bin shafukan Arewa ya haddace take farawa: "Anti, don Allah a ɓoye sunana." Shafuka irin Northern Hibiscus na Aisha Falke a Instagram, da jerin labaran zawarawa da Fatima Zahra Umar ta riƙa wallafawa da sunan Divorce Diaries, sun koya wa dubban mata cewa ana iya faɗin abin da ba ya faɗuwa muddin fuska a rufe take. Masanin Amurka John Suler ya bayyana wannan tun 2004: idan ba a ganin mutum, ba a san sunansa ba, kuma ba sai ya jira amsa nan take ba, linzamin bakinsa kan saki. Munmun De Choudhury, wadda ta yi nazarin rubuce-rubucen masu damuwa a Reddit a 2014, ta ga cewa masu buɗe asusun wucin gadi don magana ɗaya su jefar sun fi kowa tona abin da ke ransu.

A wannan murya ta uku akwai wani abin da ya cancanci a dakata a kai. Saƙon da Hausa yake tafiya tiryan-tiryan, amma da an iso kan sunan ciwon sai harshe ya sauya: "Ina ganin dipireshan ne ke damuna." Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Akwai ƙunci, akwai baƙin ciki, akwai fargaba da firgita da zullumi da yawan tunani, kuma gidajen rediyo sun daidaita a kan "ciwon damuwa". Matsalar tana ga kalmar da ta rufe su duka a asibiti, wato taɓin hankali, wadda taku ɗaya ne tsakaninta da hauka. Hauka kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Yana shiga binciken aure, ya bi ƙanne mata har ɗakin miji, ya zama abin da ake raɗawa game da zuri'a. Kalmar Turanci ba ta da wannan jelar. Kamar tsumman sauke tukunya take: da ita ake taɓa abin ba tare da an ƙone ba.

Tsoron yana da tushe. A 2004 likitoci huɗu, Mohammed Kabir da Zubair Iliyasu da Isa Abubakar da Muktar Aliyu, suka wallafa binciken da suka yi a kan manya 250 a garin Karfi da ke kusa da Kano. Da aka tambayi mutane me ke jawo taɓin hankali, shaye-shaye ne ya zo na ɗaya da kusan kashi 34 cikin 100, sai hukunci ko ƙaddarar Ubangiji da kusan kashi 19, sai sihiri da iskoki da kashi 18. Wato wanda ya ce yana da ciwon, kafin ya rufe baki an riga an jera masa tuhuma: ko ɗan ƙwaya ne, ko an yi masa asiri. A Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sasari a ƙafa. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ko sunanta ma da kalmar hauka aka rubuta shi. Yunƙurin kashe kai, da Ingila ta cire daga jerin laifuka tun 1961, sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa ya tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara 1. Wanda ya tashi a ƙarƙashin wannan ba zai zo Birmingham ya koyi sakin baki cikin wata shida ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu kasa kunne da ba mutane ba. Shekara goma sha wani abu ke nan masana ke koya wa kwamfuta ta gane mai damuwa daga rubutunsa. A 2018 Johannes Eichstaedt da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania suka haɗa rubutun Facebook na marasa lafiya 683 da takardunsu na asibiti. Mutum 114 a ciki an taɓa rubuta musu ciwon damuwa, kuma kalmominsu sun nuna alama wata 3 kafin likita ya rubuta: yawan ambaton kaɗaici da hawaye, da yawan cewa "ni". A shekarar dai, Mohammed Al-Mosaiwi da Tom Johnstone na Jami'ar Reading suka tace rubutun mutum fiye da 6,000 suka gano wata alamar da ta fi kalmomin baƙin ciki ƙarfi, wato kalmomin yanke hukunci irin su "kullum", "sam", "gaba ɗaya", "babu komai". Mai damuwa duniya takan zame masa fari ko baƙi, babu tsaka-tsaki.

Bincike ne mai kyau, amma da Turancin wasu mutane aka yi shi. A 2024 wata tawagar ta Pennsylvania, ƙarƙashin Sunny Rai, ta sake gwadawa ta tarar cewa alamar "ni" ɗin nan a kan fararen Amurkawa take aiki, a kan baƙaƙe kuwa ƙarfin hasashen na'urar ya faɗi fiye da ninki uku. Masu harshe ɗaya ke nan a ƙasa ɗaya. To balle a kawo mata Hausa, inda mai ciwo ba ya ma ɗora abin a kansa. Ransa ne ya ɓaci, hankalinsa ne ya tashi, zuciyarsa ce ta yi nauyi, gabansa ne ke faɗuwa, duniya ce ta yi masa zafi. Shi yana gefe, abubuwa na faruwa da sassansa. Wasu al'ummomin ma haka: Inga-Britt Krause ta rubuta a 1989 yadda 'yan Punjab mazauna Bedford ke kiran damuwarsu nutsewar zuciya, mutanen Shona na Zimbabuwe kuma suna ce mata kufungisisa, wato yawan tunani, daidai da yadda tsohuwa a Katsina za ta faɗa.

Na'urar da ke farautar "babu komai" za ta sha wahala da mutanen da "ba komai" ita ce amsarsu ga wanda ya taka musu ƙafa. Za ta ruɗe da "wayyo na mutu" a ƙarƙashin bidiyon barkwanci. Jimlar da ya kamata ta tayar da hankali kuwa za ta wuce ta salin-alin, don babu kalmar ciwo ko ɗaya a cikinta: "Duk wanda na ɓata wa ya yafe mini." Ana gobe azumi, ko ana shirin tafiya Hajji, kowa na rubuta wannan. A daren wata Talata da ba ta da alaƙa da komai, daga yarinyar da ta yi sati biyu ba ta ɗaga waya, magana ce daban. Ƙawa ce kaɗai ke riƙe da kalandar da za ta bambance su.

Birtaniya ta taɓa gwada ɗora wannan aiki a kan manhaja. Ranar 29 ga Oktoban 2014 ƙungiyar Samaritans, wadda tun 1953 take sauraron masu ƙunci ta wayar tarho, ta fito da Radar. Manhajar takan bi rubutun waɗanda mutum ke bi a Twitter, in ta ga jimla irin ta wanda ya gaji da rayuwa sai ta aika wa mai manhajar saƙo. Ba a nemi izinin masu rubutun ba. Waɗanda aka yi domin su ne suka fi kowa tayar da ƙura, suna cewa an miƙa wa masu cin zali ƙararrawar da za ta sanar da su lokacin da mutum ya fi rauni. Ranar 7 ga Nuwamba aka dakatar da ita, kwana 9 kacal.

Ga baƙar fata a Ladywood, tambayar wa ke saurare ba ta tsaya a kan masu cin zali ba. A Winson Green, nan kusa, Turawan ƙarni na 19 sun jera gidaje uku kusa da juna: kurkuku a 1849, gidan masu taɓin hankali a 1850, wanda daga baya ya zama asibitin All Saints, sai gidan gajiyayyu a 1852. An rufe All Saints wajen shekarar 2000, amma dangantakar ɗan sanda da likitan ƙwaƙwalwa ba ta rufu a zukatan mutane ba. A watan Maris na 2011 wani matashi mai shekara 29, Kingsley Burrell, ya kira 'yan sanda da kansa daga wani shago a titin Icknield Port Road yana cewa ana barazana ga ransa. Aka tsare shi a ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Bayan kwana 4 ya rasu. A 2015 masu binciken musabbabin mutuwa suka yanke cewa daɗewar da aka yi ana danne shi, da rufe masa fuska, da sakaci, sun taimaka wajen ajalinsa. Alƙaluman hukumar lafiya ta NHS shekara bayan shekara suna nuna cewa ana tsare baƙaƙe a ƙarƙashin wannan doka fiye da ninki uku na fararen fata. Saurayin da ya zaɓi ya saka waƙa mai nauyi a sitatus maimakon ya rubuta abin da ke ransa ba lallai jahilci ne ya sa shi ba. Lissafi ya yi. Shi ya sa masu neman irin waɗannan samari suka daina jiran su a asibiti: ƙungiyar CALM ta fara a Manchester a 1997 ta hanyar mawaƙa da gidajen rawa, a Birmingham kuma shirin Shifting the Dial ya bi ta dandalin wasan kwaikwayo na Rep, inda saurayi zai iya sa ciwonsa a bakin wani ɗan wasa.

Wanda ya daure ya faɗa a fili kuma, sabon hisabi ke jiransa: a yarda da shi ko kada a yarda. Mazaɓar Ladywood ta ga wannan da idonta. Ranar 6 ga Janairun 2014 tashar Channel 4 ta fara nuna Benefits Street, shirin da aka ɗauka a titin James Turner a kan masu karɓar tallafin gwamnati. Fiye da mutum miliyan 4 suka kalli kashin farko, Twitter ta cika da zagi har da barazanar da ta sa 'yan sanda bincike. Tauraruwar shirin, Deirdre Kelly da ake kira White Dee, ta ce ciwon damuwa ne ya hana ta aiki tun bayan rasuwar mahaifiyarta. Amma mace ce mai raha da kaifin baki, kuma da aka ga hotunanta tana shaƙatawa a Magaluf ta Sifaniya sai aka ce ga hujja. A kotun intanet mai damuwa ba ya dariya. Likitoci sun san ba haka ciwon yake ba, yana da ranakun sauƙi da na tsanani, amma hoto ɗaya ya fi bayanin likita gudu.

A 2019 'yar jarida Rebecca Reid ta ƙirƙiro wa abin suna a jaridar Metro, kalmar da ma'anarta ita ce jefa fatsa da hawaye. Kendall Jenner take nufi, wadda aka yi ta shelar za ta tona wani babban sirrin rayuwarta, ashe tallar maganin ƙuraje ce. Kafin shekara ta ƙare kalmar ta sauka a makarantu, ana jifan yaran da ke neman taimako da gaske da ita. Hausa ba ta buƙaci aro ba a nan, tana da nata a ajiye: neman suna, iyayi, ciwon 'yan gayu, ƙoshi ne ya yi yawa. Ga 'yar hawa na 11 akwai ƙari na musamman: "Kina Ingila kina cewa damuwa? Mu da ke layin mai mu ce me?"

Ba duka amsoshin ne haka ba, kuma rashin adalci ne a ce haka. Ƙarƙashin kowane saƙo na a-ɓoye-sunana za a ga ɗaruruwan "Allah ya yaye miki", "Allah ya kawo mafita", "muna taya ki da addu'a". Masu ganin wannan kauce wa magana ne ba su fahimci aikin da yake yi ba. Addu'a ita ce hanyar da baƙo ke rungumar baƙo ba tare da ya yi shisshigi ba, kuma mai karantawa ƙarfe 3 na dare tana jin ɗuminta. Inda abin ke ɓaci shi ne lokacin da mai sharhi ya ajiye addu'a ya ɗauki abin awon imani: ba kya azkar ne, mumini ba ya shiga damuwa. Wannan hukunci ba ya tsayuwa ko a ma'aunin da mai shi ya ɗauko. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Annabi Yaƙub ya yi jimamin Yusuf har ganinsa ya tafi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya raba baƙin ciki gida biyu a littafinsa kan lafiyar jiki da ta rai: mai sananniyar sila kamar rashi ko asara, da wanda ke saukar wa mutum ba dalili, wanda ya danganta da jiki ya ce yana buƙatar magani. A 'yan shekarun nan ana samun masu maimaita wannan da sunansu da fuskarsu, irin su Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa She Writes Woman a 2016 bayan an tabbatar mata da nata ciwon, ta kuma tsaya gaban majalisar dokokin Najeriya a 2020 ta yi magana a matsayin mai ɗauke da shi.

Sai dai waya ba saurare kaɗai take yi ba, tana mayar da magana. Wanda ya daɗe a kan bidiyon baƙin ciki, gobe za a ƙaro masa goma. Molly Russell 'yar Landan ce mai shekara 14 da ta rasu a Nuwamban 2017. A wata 6 na ƙarshen rayuwarta ta taɓa ko ta adana abubuwa 16,300 a Instagram, 2,100 daga ciki a kan damuwa da cutar da kai da kashe kai. A Satumban 2022 mai binciken mutuwarta, Andrew Walker, ya rubuta cewa illar abin da ta gani a intanet na cikin abin da ya kashe ta. Dokar kare masu amfani da intanet ta 2023 ta biyo baya, kamfanoni suka ƙara matse wasu kalmomi, matasa kuma suka ƙirƙiro wasu don zille wa matatar, har kalmar mutuwa ta samu laƙabi. Wato an ƙara wa mai ciwo wani dalilin yin zaurance, bayan waɗanda ya gada.

Akwai wani tsohon ɗalibin Birmingham da ya fahimci wannan matsala tun babu wayar hannu. Thomas Adeoye Lambo ɗan Abeokuta ne, a Jami'ar Birmingham ya karanta likitanci, ya ƙware a asibitin Maudsley na Landan, ya koma gida a 1954. A asibitin Aro, maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya roƙi ƙauyukan da ke kewaye su ba su masauki, kowane da ɗan uwansa mai jinya. Da safe su zo asibiti, da yamma su koma cikin mutane, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin don su ne suka san harshen da ciwon ke magana da shi. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Ɗan uwa mai jinyar nan, wanda ke fassara wa likita abin da "ba komai" ke nufi a bakin wannan mutum takamaimai, shi ne abin da 'yar hawa na 11 ba ta da shi. Tun Janairun 2024 ma an hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyali.

A ce wata ƙawa ta gane sitatus ɗin, ta matsa mata. Tun Agustan 2024 duk wanda ke Ingila zai iya kiran 111 ya zaɓi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ko ya je wurin likitan unguwa, kuma NHS na bayar da tafinta kyauta. Aka tambaye ta ko tana so. Ta yi shiru ta auna. Masu jin Hausa a wannan yanki ba su da yawan da mutum zai ɓace a cikinsu. Dandalin Small Heath na Birmingham kan tara dubun dubatar masallata ranar Idi, amma 'yan Arewa a cikinsu sun san juna, kuma tafintan yau zai iya zama wanda za a haɗu da shi wajen cin tuwon sallah, ko mai ƙanwa a unguwarsu a Kano. Ta ce a'a, Turancinta ya isa.

Aka miƙo mata takarda mai tambaya 9, wadda ake kira PHQ-9, kowace a kan sati biyun da suka wuce, kowace da maki daga 0 zuwa 3. Babu inda aka tambayi ko zuciya ta yi nauyi. Ta cike, ta yi amfani da kalmar da ta koya a Instagram, aka sa ta a layin jira.

Da daddare ta tura wa gida hoton titi jiƙe da ruwa: lafiya lau, sai dai sanyi. Umma ba ta iya rubutu a waya, saƙon murya ta turo na minti 4. Labarin bikin 'yar maƙwabta, da tsadar shinkafa, da kashedin a riƙa sa safa. Ta yi sallama har ta yi addu'a, sai aka ji ba ta kashe ba, ta ɗan yi jim.

"Wai ni kam, kina samun barci kuwa?"

Ita ce tambaya ta 3 a takardar likita.